Na Gaba da Na Baya: Sharhi kan Sana'ar 'Yan Bibbiyu a Ƙwallon Tanis

Wata Asabar da la'asar, a wani gidan kallo a Yelwan Yauri, muna jiran a take wasan Firimiyar Ingila, sai mai gidan ya bar mana tashar wasanni tana nuna ƙwallon tanis don kada mu zauna haka nan. Mutum huɗu ne a fili, biyu a wannan gefen raga, biyu a wancan. Kujerun 'yan kallo na can kuwa rabi babu kowa. Wani saurayi da ke zaune kusa da ni, rigarsa tana ƙaurin bandar kifi, ya ɗan taɓo ni ya ce, "Malam, waɗannan su ne aka fitar a na ɗaiɗai, aka haɗa su don su rage zafi ko?" Na soma yi masa bayani ke nan aka juya tasha, ɗaki ya kaure da ihu, maganar ta bi ruwa.

Tambayar ta zauna mini a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan zato ba. Ko a ƙasashen da tanis ya yi gindi, akwai masu ɗaukar wasan bibbiyu kamar ƙanzo, abin da ya saura a tukunya bayan an kwashe tuwo. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, zan kuma zo kanta. Amma abin da na yi imani da shi shi ne, wasan bibbiyu sana'a ce mai cin gashin kanta, basirarta daban, wahalarta daban, kuma a duk ƙofofin wannan wasa ita ce ta fi kusa da hannun yaron da ya tashi a ƙasa irin tamu.

Hujjata ta farko a gida take. Nduka Odizor, haifaffen Legas a 1958, ya soma da tsintar ƙwallo a filin da manya ke wasa, daga baya ya sami hanya zuwa Jami'ar Houston a Amurka. A 1983 ya girgiza gasar Wimbledon, inda ya kayar da Guillermo Vilas na Ajantina tun a zagayen farko, ya yi ta tafiya har zagaye na huɗu. Wannan labarin ne aka fi riƙewa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wasan ɗaiɗai kofi ɗaya ya ɗauka a gasannin ƙwararru, a birnin Taipei, matsayinsa mafi girma a duniya kuwa na 52 ne. A wasan bibbiyu kofi 7 ya ɗauka, ya kuma kai na 20 a duniya a 1984, galibi tare da abokinsa David Dowlen, wanda suka fito jami'a ɗaya. Ke nan mataki mafi tsawo da wani mai riƙe da tutar Najeriya ya taɓa takawa a jadawalin tanis na duniya, ba shi kaɗai ya taka shi ba. Da mutum a gefensa.

Bari in ɗan bayyana filin, don wanda bai taɓa tsayawa a kansa ba. Tsawonsa mita 23.77 ne. Idan mutum ɗaya da ɗaya ne, faɗinsa mita 8.23, idan bibbiyu ne sai a buɗe wasu siraran layuka biyu na gefe, ya koma mita 10.97. Ƙarin bai kai mita uku ba, amma an ninka yawan mutane. Wannan ɗan lissafin shi ya canza komai. Mai wasan ɗaiɗai yana da sarari, yana iya tsayawa can baya ya yi ta musayar ƙwallo sau ashirin har abokin hamayya ya gaji. A bibbiyu babu wannan sararin. Kullum akwai mutum tsaye dab da raga, raket a gaban fuska, yana jiran ƙwallon da za ta ɗan yi sama ya tare ta kafin ta taɓa ƙasa. Yawancin maki cikin bugu uku ko huɗu ake gama su. Gudu da dogon numfashi suna da amfani, amma saurin hannu, da kaifin ido, da sanin inda abokinka yake ba tare da ka waiwaya ba, su ne jari.

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa bakin ruwa a Yelwa ko Wara ya ga wannan aiki, ko da bai taɓa jin sunan tanis ba. Kwale-kwale ne da mutum biyu. Na gaba yana tsaye, birgi a rataye a kafaɗa da damtse, idonsa a kan ruwa. Na baya yana zaune da filafili, yana tsoma shi a hankali don kada ya yi ƙara, yana riƙe da hancin jirgi daidai inda na gaba ke so. Ba sa magana, domin magana tana korar kifi. Na gaba zai ɗan karkata kai, ko ya motsa yatsun ƙafa a kan katako, na baya ya gane. Lokacin da ya murɗa jiki ya watsa birgin, jirgi yakan yi tangaɗi, kuma a daidai wannan ƙiftawar ido na baya ya riga ya jingina nauyinsa ɗaya gefen. In ya makara, su biyun ne a ruwa. In an fito gaci da kifi, idon masu saye a kan wanda ya yi jifa yake, alhali rabin jifar daga hannun mai filafili ta fito.

Haka abin yake a filin bibbiyu, kusan ƙafa da ƙafa. Mai buga sabis, wato bugun da ke buɗe kowane maki, yana baya. Abokinsa yana gaba, ya ba shi baya, ya sunkuya. Kafin a buga, sai ka ga na gaba ya kai hannu ɗaya bayan ƙugunsa, inda abokan hamayya ba sa gani. Da yatsa yake nuna inda yake so a aika ƙwallo: tsakiya, ko jikin mai karɓa, ko can gefe. Sannan ya dunƙule hannu, ma'ana ina nan inda nake, ko ya buɗe tafi, ma'ana da an mayar da ƙwallo zan tsallaka ɗaya ɓangaren, kai ka rufe gurbina. Na baya ya amsa da kalma ɗaya, i ko a'a. Wani lokaci na gaba yakan durƙusa a tsakiyar fili, ƙasa da tsayin raga, sabis ya wuce ta saman kansa, mai karɓa bai san ta ina zai ɓullo ba. Idan kuma suna so su yi shawara, sai su matso kusa, kowa ya rufe baki da ƙwallo ko da tafin hannu don kada a karanci leɓensu. Daƙiƙa 25 kawai doka ta ba su tsakanin maki da maki. Inda suka bambanta da masunta shi ne, a fili kujera ba ta dindindin ba ce: wanda ke baya yanzu, anjima shi ne a gaba. Dole kowa ya iya aikin biyun.

Inda rigima ta fi tashi kuwa tsakiya ne. Raga ta fi gajarta a tsakiyarta, santimita 91 da ɗoriya, a gefe kuma mita 1.07. Saboda haka ƙwararru can suke yawan aika ƙwallo, tsakanin mutum biyu, su bar su da tambayar ta wa ce. Sababbin abokai ko dai su kai mata hannu tare raket ya bugi raket, ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa ta wuce salin alin. Waɗanda suka daɗe tare ba sa ma tunanin abin. Shi ya sa ake son a haɗa bahago da mai amfani da dama. Tagwayen Amurka, Bob da Mike Bryan, haka Allah ya yi su, Bob bahago, Mike na dama. Sun ɗauki kofi 119 tare, ciki har da 16 a manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostireliya, da Faransa, da Wimbledon, da Amurka, ga zinariyar Olamfik ta Landan a 2012, kafin su ajiye raket a 2020. Kafin su, 'yan Ostireliya biyu ne ke cin karensu babu babbaka, Todd Woodbridge da Mark Woodforde, masu kofi 61, su ma ɗaya bahago ne. 'Yan'uwa mata Venus da Serena Williams sun kai wasan ƙarshe na bibbiyu sau 14 a manyan gasannin nan, ba su faɗi ko ɗaya ba.

To, yanzu ga inda gaskiyar saurayin nan take: kuɗi. A Wimbledon ta 2024, zakaran ɗaiɗai ya tafi da fam miliyan 2.7. Zakarun bibbiyu an ba su fam 650,000, su raba biyu, kowa 325,000. Wanda aka fitar a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ɗaiɗai ya karɓi fam 375,000, wato ya fi wanda ya ɗaga kofi a bibbiyu. Wanda ya sha kashi a ranar farko a ɗaiɗai ya sami fam 60,000 shi kaɗai. Mutum biyun da suka faɗi a zagayen farko na bibbiyu abin da aka ba su tare bai kai 16,000 ba. Na san mai karatu a Shanga ko Ngaski zai juya waɗannan kuɗi zuwa naira ya ce ai ko na ƙarshen ma arziki ne. Amma Wimbledon sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma ƙungiya 64 kaɗai take ɗauka. Sauran makonnin, ɗan wasa shi ke biyan jirginsa daga nahiya zuwa nahiya, shi ke biyan koci in yana da shi, shi ke biyan mai gyara masa igiyar raket da mai duba masa jijiyoyi, ga haraji a duk ƙasar da ya ci kuɗi. Ba kulob ba ne balle a ce akwai albashi a ƙarshen wata. In ya ji rauni, aljihu ma ya ji. A can ƙasan tsani kuwa, gasannin da kowa ke farawa da su, akwai waɗanda duka ladan da za a raba wa 'yan wasa dala 15,000 ne, kuma kason 'yan bibbiyu a ciki ɗan kaɗan ne.

Gaskiya ne kuma da wuya ka sami yaron da ya ɗauki raket da burin zama ɗan bibbiyu. Kusan kowa da ɗaiɗai yake farawa. Sai an kai shekara ashirin da wani abu, matsayi ya tsaya cak a na ɗari biyu ko ɗari uku, ko gwiwa ta fara ƙorafi, sannan mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi. A nan ake samun masu cewa ai gazawa ce. Ni ban ga gazawa ba ga mutumin da ya gane inda baiwarsa take. Ga Harri Heliövaara na ƙasar Finlan. Ciwon baya ya raba shi da wasa a 2013, ya koma karatu, ya yi aiki a filin jirgin saman Helsinki. A 2017 ya dawo, daga bisani ya maida hankali kacokan kan bibbiyu. A watan Afrilun 2024 ya haɗu da Henry Patten na Ingila, wanda a baya ya taɓa zama a gefen fili a Wimbledon yana tattara alƙaluman wasan wasu. Wata uku da haɗuwarsu suka ɗauki kofin Wimbledon ɗin nan, bayan sau uku abokan karawarsu suna neman maki ɗaya tak su gama da su. A farkon 2025 suka ƙara da na Ostireliya.

Wata falalar sana'ar ita ce tsawon rai. Tunda rabin fili kake tsaro, jiki ba ya saurin lalacewa, ƙwarewa kuma ƙaruwa take da shekaru. Rohan Bopanna na Indiya ya zama na ɗaya a duniya a watan Janairun 2024 yana da shekara 43, gemunsa da furfura, a makon da ya ɗauki kofin Ostireliya tare da Matthew Ebden. A ƙwallon ƙafa mai irin shekarunsa ya daɗe da komawa benci yana koyarwa. Shi Bopanna ɗin ne ya yi shekaru yana wasa da Aisam-ul-Haq Qureshi na Pakistan, ƙasashe biyu da ba sa ga maciji da juna, har suka kai wasan ƙarshe a gasar Amurka ta 2010.

Amma fa zaman tare ba kullum yake daɗi ba, kuma a nan ne na ga sana'ar ta fi kowace wuya. Abokin wasanka shi ne abokin cinikinka, shi ne abokin tafiyarka wata goma a shekara, kuma kuskurensa daga aljihunka ake cirewa. In ya zubar da ƙwallo mai sauƙi a makin ƙarshe, dole ka je ka tafa masa hannu, fuskarka ba ta nuna komai ba, domin in ya ga ɓacin rai a idonka hannunsa zai ƙara rawa. Babu takardar yarjejeniya da ta ɗaure kowa. Ana shiga gasa ne da jimillar matsayin mutum biyu, saboda haka in naka ya faɗi, abokinka zai fara waige-waige, wani lokaci ma a bakin wasu za ka ji cewa ya yi sabon aboki. A ɗaya hannun, ƙungiyoyi takwas da suka fi tara maki tare su ke zuwa gasar rufe shekara, wadda ake yi a Turin ta Italiya tun 2021, don haka mai yawan sauya aboki yana cutar kansa. Leander Paes da Mahesh Bhupathi na Indiya sun kai wasan ƙarshe a duka manyan gasanni huɗu a 1999, suka ci na Faransa da Wimbledon. Daga baya suka yi hannun riga, har ta kai gab da Olamfik ta 2012 Bhupathi ya ƙi yarda a haɗa shi da Paes, rikicin ya cika jaridun ƙasarsu. Masuntanmu sun san wannan ma. Da yawa ba don rashin kifi suke raba jirgi ba, sai don yadda aka yi rabo a gaci, ko wata kalma da aka faɗa cikin fushi a tsakiyar ruwa.

Su ma masu gudanar da wasan sun sha neman rage wa bibbiyu tsawo. A 2005 hukumar ƙwararrun maza, ATP, ta fito da tsarin da zai sa matsayin mutum a ɗaiɗai ya zama mabuɗin shiga bibbiyu, abin da zai kori masu sana'ar daga sana'arsu. 'Yan wasa, da tagwayen Bryan a gaba, suka garzaya kotu. Aka sasanta, sana'ar ta tsira, amma aka gajarta wasan. Tun 2006, a gasannin mako-mako, idan aka yi kunnen doki a ƙarshen gem, wato ƙaramin zango na wasa, maki ɗaya ke raba gardama, masu karɓa su zaɓi wanda zai karɓa a cikinsu. Idan kowane ɓangare ya ci set ɗaya, wato babban zango, babu set na uku, sai tseren maki 10. Wannan ya sa ana gama wasa da wuri, ya kuma sa abincin mutum na mako guda yana iya rataya a kan bugu ɗaya.

Abin da ya faru a gasar Amurka ta 2025 shi ya fi burge ni. Masu gasar suka sauya fasalin bibbiyu na namiji da mace: suka rage ƙungiyoyi daga 32 zuwa 16, suka matsa wasan cikin kwana biyu kafin a buɗe babbar gasa, suka sa ladan dala miliyan 1, sannan suka cika gurabe da taurarin ɗaiɗai don su jawo 'yan kallo. Ƙwararrun bibbiyu kusan duk aka bar su a waje. Sara Errani da Andrea Vavassori na Italiya, masu riƙe da kofin, suka fito fili suka ce wannan rashin adalci ne. Da katin alfarma aka shigar da su. Suka bi taurarin nan ɗaya bayan ɗaya, a wasan ƙarshe suka doke Iga Świątek da Casper Ruud. Yawancin waɗanda suka kayar sun fi su suna da dukiya. Da ina tare da saurayin nan a ranar, da wannan wasan kaɗai zan nuna masa.

Mu dawo nahiyarmu. Ƙasar da ta fi ba ni abin tunani ita ce Zimbabuwe. Wani tsohon ɗan wasa, Don Black, ya shimfiɗa filayen ciyawa a gonarsa a Harare, ya koya wa 'ya'yansa uku. Byron ya ci bibbiyu a gasar Faransa ta 1994, ya kuma zama na ɗaya a duniya. Wayne, tare da Kevin Ullyett, ya ci ta Amurka a 2001 da ta Ostireliya a 2005. Ƙanwarsu Cara ta fi su duka: kofi 60, manyan gasanni 5 a bibbiyun mata, 5 a na namiji da mace, biyu daga ciki tare da yayanta Wayne, ta kuma yi mako 163 tana ta ɗaya a duniya. A 1998 'yan'uwan nan maza biyu suka je har gida suka fitar da Ostireliya daga gasar ƙasashe ta Davis. Gida ɗaya ne fa, ba ma'aikata ba. A Kenya kuma ga Angella Okutoyi, wadda mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, kakarta ta rene ta a Nairobi, ta koyi wasa a filin wata makaranta. A 2022 ta ɗauki kofin bibbiyu na 'yan mata matasa a Wimbledon tare da Rose Marie Nijkamp ta Holan, karo na farko ga ƙasarta, a 2024 kuma ta ci zinariya a wasannin Afirka a Accra.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A watan Fabrairun 1976 manyan 'yan wasan duniya suna Legas, har da Arthur Ashe, lokacin da aka kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga wata. Kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka shiga fili Ashe yana tsakiyar wasa suka watsa taron. A Olamfik ta Seoul a 1988, Odizor da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi ne suka wakilce mu, sunan na ukun kuwa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. A Kano an yi shekara da shekaru ana gasar Dala Hard Court, 'yan wasa na zuwa daga ko'ina a ƙasar nan. Injiniya Sani Ndanusa na Jihar Neja, maƙwabciyarmu ta ƙetaren tafkin Kainji, ya shugabanci hukumar tanis ta ƙasa kafin ya zama ministan wasanni. Zaren yana nan, siriri ne kawai, kuma bai cika fita daga kulob-kulob na manyan birane ba.

Ba na so in yaudari kowa. Bibbiyu ba gajeriyar hanya ba ce. Yaron da bai iya sabis da karɓarsa ba, babu abokin da zai ɗauke masa wannan nauyin, kuma kafin a kai inda ake samun abin sawa a baki sai an ratsa ƙananan gasanni na shekaru, da kuɗin jirgi, da neman biza. Cikin yara dubu da za su fara, mai yiwuwa ko ɗaya ba zai taka Wimbledon ba. Amma tsakanin Wimbledon da zaman banza akwai matakai da yawa: gasar makarantu, gasar wasanni ta ƙasa, aikin koci, alƙalancin wasa, da gurbin karatu a jami'o'in waje, hanyar da ta fitar da Odizor. A wasannin jami'o'in Amurka da na Davis, makin bibbiyu yakan zama shi ne mai raba gardama, don haka yaron da ya iya shi ana nemansa. Ga abokai biyu kuma, ɗakin kwana ɗaya ne, koci ɗaya, kuɗin mota a raba. Ga talaka wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sannan lissafin fili ma yana bayan bibbiyu. Inda fili ɗaya ne ga makaranta guda, wasan ɗaiɗai yara biyu yake ɗauka, saura su zuba ido. Bibbiyu huɗu yake ɗauka. Ga ƙanana kuwa, tun 2007 hukumar tanis ta duniya take yaɗa tsarin koyo da ƙwallaye masu laushi, ja da ruwan lemo da kore, inda ake yanka fili ɗaya gida-gida yara da yawa su yi wasa lokaci guda. Ba dole sai siminti ba. Filin gasar Faransa, da duk darajarsa, garin jan bulo ne aka shimfiɗa a samansa. Jar ƙasa ba ta yi mana wuya ba, iyayenmu mata kuwa sun iya daɓe tun kafin a kawo siminti ƙasar nan. Game da 'ya'ya mata, na san abin da ke tsaya wa iyaye a rai shi ne sutura. Ƙa'idar wasan ba ta tilasta gajeren siket ba, hukumar ƙwararrun mata ma ta halatta dogon wando matsattse tun 2019, balle a filin makarantar 'yan mata inda mu ne masu tsara abinmu. Sania Mirza, Musulma daga Hyderabad ta Indiya, ta bibbiyu ta bi ta zama ta ɗaya a duniya a 2015.

Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungu da ƙauyuka, aka sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. Gungawa da Sarkawa da sauran mutanen bakin ruwa sun bar gidaje da gonaki a ƙarƙashin tafki, amma sun fito da iya aikin mutum biyu a jirgi ɗaya, suna kuma koya wa 'ya'yansu har gobe. Wanda ya ga tseren kwale-kwale a bikin Rigata na Yauri ya ga kafaɗu, ya ga daidaiton jiki, ya ga yara masu karanta motsin juna ba tare da magana ba. Wannan shi ne abin da kociyoyi a Turai ke shan wahalar dasawa a zukatan yaran da aka rena kowa don kansa. Namu da shi suka tashi. Raket ne da fili ba su samu ba.

Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da hukumar HYPPADEC da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, da 'ya'yan masarautar nan da Allah ya buɗa wa: a zaɓi makarantar sakandare ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a daɓe fili, a kafa raga, a gina bango ɗaya na koyon bugu, a tura malamin motsa jiki guda ya koyo aikin a Kano ko Kaduna. A fara da bibbiyu, a bar yara su zaɓi abokansu da kansu. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya riƙe Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya san abin da filin wasa ke yi wa ɗalibi, da ya sa albarka a saka kofin 'yan bibbiyu na makarantu cikin makon Rigata. Duk filin da ake bukata, har da wurin ja da baya, bai wuce mita 37 a tsawo da 18 da 'yan kai a faɗi ba.